Amsoshin Tambayoyinku: Hotunan Gajimaren da Ke Haifar Taurari

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka taru a gabana wannan watan a kan abu guda suke, wato hotunan nan na sararin samaniya da ke yawo a wayoyi: dogayen ginshiƙai masu launin ja da ruwan goro, bayansu shuɗi, taurari sun cika ko'ina. Na taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, ni sana'ata ɗaukar hoto, kuma na san irin gyaran da muke yi wa hoton biki a kwamfuta kafin mu miƙa wa amarya. Da na ga hoton da ake kira Ginshiƙan Halitta sai raina ya ba ni aikin hannu ne. Don Allah ka faɗa mana gaskiya, haka wurin yake ko fenti aka shafa masa?
Mai hoto, daga Gusau.

AMSA: Ɗan'uwa, idonka na sana'a bai yaudare ka ba, lallai an sa hannu a launin. Amma ginshiƙan suna nan daram. Tsayinsu da siffarsu da kowane tauraro da ka gani a jikinsu, duk auno su aka yi.

Na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda ke shawagi a sararin samaniya, ce ta fara ɗaukar wannan hoto ranar 1 ga Afrilu 1995, bisa aikin wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka, Jeff Hester da Paul Scowen. Wurin wani ɗan yanki ne na babban gajimaren iska da ƙura da ake kira Gajimaren Mikiya. Kyamarar Hubble ba ta san launi ba. Abin da take yi kawai shi ne ƙirga yawan hasken da ya faɗo a kowane ɗigo, saboda haka baƙi da fari hoton yake isowa ƙasa. Kai ka fi ni sanin cewa kyamararka ma haka cikinta yake: akwai 'yan mitsi-mitsin matatai na ja da kore da shuɗi a kan idonta, ita ce take haɗa su kafin ta nuna maka. Ita Hubble ɗaya bayan ɗaya take sa matatan, ta ɗauki hoto da kowanne, mutane su haɗa daga baya.

A hoton 1995 matatai uku aka yi aiki da su, kuma kowanne hasken sinadari ɗaya yake bari ya wuce. Duk sinadarin da hasken tauraro mai zafi ya daka, akwai launin da yake fitarwa nasa shi kaɗai. An tace hasken haidurojin, an tace na farar wuta, an tace na oksijin. Matsalar ita ce na haidurojin da na farar wuta duk ja ne, kuma sun yi kusa da juna har ido ba ya iya raba su. Da an bar su yadda suke, da hoton ya fito jajawur, babu mai sanin ina wannan yake ina wancan. Sai aka bar wa farar wuta ja, aka ba haidurojin kore, aka ba oksijin shuɗi. Saboda haka duk inda ka ga shuɗi ya yi yawa a hoton, ana shaida maka ne cewa iskar wurin ta sha dukan haske mai ƙarfi sosai.

Hotunan na'urar James Webb kuwa sun ma fi haka, don mafi yawan hasken da take kamawa idon ɗan Adam ba ya ganinsa sam. Shi ne hasken infared, wanda ke gaba da ja a jerin launukan bakan gizo. Ka ɗauki rimot ɗin talabijin ka saita bakinsa a kyamarar waya ka danna. A wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske mai ruwan shunayya yana ƙyaftawa, alhali da idonka ba ka ga komai ba. Hasken yana nan, wayar ce ta ba shi launin da za ka iya gani. Masu haɗa hotunan Webb a cibiyar da ke kula da ayyukan Hubble da Webb a birnin Baltimo na Amurka suna da ƙa'ida a kan wannan. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba ita ake kira zango: hasken da ya fi tsawon zango shi ake ba ja, wanda ya fi gajarta a ba shi shuɗi, na tsakiya su bi layi.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai zaɓin mutum a ciki. Shi ne yake yanke inda za a datse hoton, da yadda za a juya shi, da yawan hasken da za a ɗaga don abin da ya dushe ya fito. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ƙara tauraro ko a goge wani ɓangare na gajimaren don ya yi kyau. Kuma ainihin hotunan baƙi da fari a ajiye suke a rumbun cibiyar, duk mai intanet yana iya sauke su kyauta bayan an sake su. Ina matuƙar son in ga mai sana'a irinka ya sauke na Ginshiƙan nan ya haɗa nasa, don hannun da ya saba da daidaita haske ya riga ya yi rabin karatun. Sai dai a kula, ba duk abin da ake turowa a WhatsApp ne hoton na'ura ba. Akwai zanen masu zane, akwai wanda kwamfuta ta ƙirƙira. Na gaskiya za ka same shi a shafin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ko na takwararta ta Turai, da sunan wurin da jerin matatan da aka yi amfani da su.

TAMBAYA: Na nuna wa ɗalibaina 'yan aji shida hoton, suka tambaye ni wai ƙura ce irin ta hunturu? Kuma ta yaya tauraro zai fito daga cikin ƙura? Na ce su ba ni lokaci.
Malamar firamare, daga Azare.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri da ba ki kore tambayar ba. Ki fara da gaya musu cewa ƙurar ita ce kaɗan. In aka auna nauyin irin wannan gajimare, kusan kashi 99 cikin 100 iska ce, mafi yawanta haidurojin, sai hiliyom da ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙurar kashi 1 ce kacal. Amma ita ce ke tare haske, shi ya sa ita ido ya fi gani.

Ƙurar hunturu da ke taso mana daga Bodele a ƙasar Chadi tana da kauri in aka gwada ta da wannan. Ƙwayar ƙurar sararin samaniya ta fi kusa da ta hayaƙin itace, ana iya jera dubbai a faɗin milimita ɗaya. Wasu ƙwayoyin na gawayi ne, wasu dangin yashi ne masu ɗauke da ƙarfe, kuma a cikin gajimare mai sanyi ƙanƙara tana lulluɓe su. Tsofaffin taurari ne suke samar da ita: wasu suna zubar da fatarsu a hankali in ƙarshensu ya zo, manyan kuma fashewa suke yi su watsar da abin da ke cikinsu.

Abin da ya fi ba yara mamaki, a yadda na saba gani, shi ne rashin kaurin gajimaren. A hoto sai ka ce dutse ne. Amma in kika ɗebi gurbi mai santimita ɗaya ta kowace fuska, ƙwayoyin iskar da ke ciki daga ɗaruruwa ne zuwa dubbai, a wurare masu kauri sosai su kai miliyan. Iskar da muke shaƙa kuwa, a daidai wannan gurbi, sai kin rubuta 25 kin jera sifili 18 a bayanta. Girma ne ya sa gajimaren yake toshe haske. Ginshiƙi mafi tsawo a hoton ya kai tafiyar haske ta shekara 4, kuma a shekara guda haske yana cin kusan kilomita tiriliyan 9.5. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, amma sai ya yi wajen shekara 70,000 kafin ya tashi daga gindin wannan ginshiƙi ya kai kansa.

To, yadda tauraro ke fitowa. Kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, komai ƙanƙantarsa. Iska mai zafi ba ta yarda ta taru, don ƙwayoyinta a guje suke. Sai ta yi sanyi ƙwarai ƙarfin jan nan yake rinjaye. A nan ƙurar take aikinta: tana kare cikin gajimaren daga hasken taurarin waje, tana kuma fitar da ɗan zafin da ke ciki, har sanyin ya kai digiri 260 ƙasa da sifili. A jikin ƙwayoyin ƙurar ne ma haidurojin yake haɗuwa biyu-biyu. Da zarar wani dunƙule ya yi nauyin da ba zai iya riƙe kansa ba, sai ya fara rufzawa ciki. Yana matsewa yana zafi, yana kuma ƙara saurin juyawa, har abin da ke kewaye da shi ya baje ya zama faifai. Daga sama da ƙasan faifan wasu siraran iskoki suna feshowa da gudu mai tsanani. Haka za a yi ta tafiya har zafin tsakiya ya kai wajen digiri miliyan 10, inda haidurojin zai fara narkewa cikin juna yana zama hiliyom. Daga nan wuta ta kama, an sami tauraro. Mai girman ranarmu yakan ɗauki shekara miliyan gommai kafin ya kai nan.

Ragowar faifan ba ya tafiya a banza, daga cikinsa duniyoyi suke dunƙulewa. Hubble ta hango irin waɗannan fayafai fiye da 100 kewaye da jariran taurari a Gajimaren Oriyon, tun daga farkon shekarun 1990. Masana sun tafi a kan cewa ranarmu da wannan ƙasa da muke takawa ta haka suka samu, kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Akwai ma shaida da hannu ya taɓa. Wani dutse ya faɗo daga sama a garin Murchison na Ostareliya a 1969, aka sami ƙwayoyin ƙura a cikinsa da suka girmi rana, wasu an ƙiyasta shekarunsu tsakanin biliyan 5 zuwa 7. Ni dai duk lokacin da na zo wannan gaɓa a aji sai na tsaya na ce Allahu Akbar, don abin ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri.

In suka tambayi dalilin da ya sa siffar ta zama ginshiƙai, ga shi. Can sama da su, a wajen hoton, akwai tarin manyan taurari masu zafi da aka haifa shekara miliyan 1 zuwa 2 da suka wuce. Haskensu yana cinye gajimaren yana kore shi. Inda ya tarar da dunƙule mai kauri sai ya kasa, abin da ke bayan dunƙulen ya tsira a inuwarsa. Shi ya sa kawunan ginshiƙan suke fuskantar waɗannan taurari.

TAMBAYA: Tunda akwai Hubble, me ya sa aka sake kashe kuɗi aka yi James Webb? Kuma me ya sa taurarin da ke hotunan suke da tsinaye?
Ɗaliba 'yar aji biyar na sakandare, daga Katsina.

AMSA: 'Yata, ba aiki ɗaya suke yi ba. An harba Hubble a Afrilun 1990, tana zagaya duniya a nisan wajen kilomita 500, madubinta mita 2.4, kuma ta fi ƙwarewa a hasken da ido ke gani. Wannan hasken ƙura tana tare shi. Jaririn tauraro kuwa a tsakiyar ƙura yake, saboda haka abin da aka fi son gani shi ne ya fi ɓuya.

Ƙananan ƙwayoyi sun fi watsa haske mai gajeren zango, mai dogon zango kuma yakan ratsa su ya wuce. Dalilin da ya sa rana take yin ja in za ta faɗi ke nan: shuɗin ya watse a hanya, jan ya iso. Infared ya fi ja tsawon zango, don haka ya fi shi ratsa ƙura. William Herschel ne ya gano shi a 1800, lokacin da ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan, inda ido bai ga komai ba, sai ya ga zafi ya hau.

An harba Webb ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kuru a Giyana ta Faransa, haɗin gwiwar Amurka da Turai da Kanada, a kan kuɗi kusan dala biliyan 10. Madubinta mita 6.5 ne, guntaye 18 masu kusurwa shida aka haɗa, aka shafe su da zinariya siririya. Tana can kilomita miliyan 1.5 daga nan, kusan ninki huɗu na nisan wata. Duk abu mai ɗumi yana fitar da infared, har ita kanta na'urar, saboda haka dole a sanyaya ta. An yi mata laima mai hawa biyar da ke tare zafin rana, ɓangaren madubin ya sauka wajen digiri 230 ƙasa da sifili, ɗaya daga cikin kyamarorin ma an kai ta 266.

Ki nemi hoton Ginshiƙan da Webb ta fitar a Oktoban 2022 ki ajiye kusa da na Hubble. Inda Hubble ta nuna bango mai duhu, a na Webb za ki ga taurari ta cikinsa, da jajayen ɗigo a gefen ginshiƙan, waɗanda sababbin taurari ne da shekarunsu ba su wuce 'yan ɗaruruwan dubbai ba. Jan da ke malala a kan wasu ginshiƙan kuma fesowar nan ce da na ambata wa Malama, tana karo da gajimaren. Akwai hoto na biyu da aka ɗauka da kyamarar da ta fi sanyi. A cikinsa yawancin taurarin sun ɓace, ƙurar ce da kanta take haske.

Tsinayen ba na taurarin ba ne, na'urar ce ke jawo su. Haske yana ɗan lanƙwasa in ya gogi bakin madubi ko sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubin gaba. Na Hubble tsinaye huɗu ne. Na Webb manya shida da ƙanana biyu. Da wannan kaɗai kina iya gane wadda ta ɗauki hoto.

TAMBAYA: Jikana ya ce mini wai waɗannan ginshiƙai sun rushe tun tuni, abin da ake nuna mana babu shi. Haka ne?
Wani dattijo, daga Zangon Kumasi.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Rabin maganar jikanka gaskiya ce. Nisan wurin ya kai tafiyar haske ta shekara 6,500, don haka hasken da na'ura ta kama ya baro can tun shekara 6,500 da suka wuce. Yadda wurin yake a lokacin muke gani. Ko rana ma, yadda take minti 8 da suka wuce muke ganinta.

Batun rushewa ya samo asali ne a 2007, lokacin da na'urar Spitzer ta hango ƙura mai zafi kusa da wurin, wasu masana suka ce mai yiwuwa wani tauraro ne ya fashe, kuma guguwarsa ta riga ta share ginshiƙan. Sauran masana ba su gamsu ba. Suka ce da an yi fashewar da alamunta sun fito da ƙarfi a wasu na'urorin, kuma taurarin da ke wurin sun isa su ɗumama ƙurar. A 2015 aka auna da babbar na'urar Turai da ke ƙasar Chile, aka ƙiyasta ginshiƙan suna asarar nauyin rana 70 a kowace shekara miliyan, wanda ke nufin suna da sauran kamar shekara miliyan 3.

TAMBAYA: Mu da ba mu da na'ura, akwai wanda za mu iya gani da idonmu?
Mai shagon cajin waya, daga Maraɗi.

AMSA: Akwai, ƙanena, kuma mu nan muna da sa'ar wuri, don yana bi ta kusan saman kanmu. Gajimaren Oriyon ke nan, nisansa tafiyar haske ta shekara 1,350, kuma shi ne gajimare na farko da aka taɓa ɗauka a hoto, Henry Draper ya ɗauke shi a 1880.

Ka fara neman Kaza da 'Ya'yanta, wadda kowa ya sani. Bayanta, ta gabas, akwai taurari uku masu haske a jere reras, tazararsu ɗaya. A Disamba bayan sallar isha'i za ka same su sun ɗago ta gabas, a Fabrairu kuwa a wannan lokacin sun kusa tsakar ka. Daga kudu da su akwai wasu ukun kuma, ƙanana, marasa haske sosai. Ka tsura wa na tsakiyarsu ido. Za ka ga bai fita tsaf kamar sauran ba, akwai ɗan dishi-dishi kewaye da shi. Shi ne gajimaren, kuma a cikinsa akwai taurari huɗu masu zafi da ke haskaka shi, waɗanda ƙaramar na'ura take iya rabawa.

Lokacinsa ya faɗo cikin hunturu, saboda haka sai ka zaɓi daren da hazo ya kwanta, kuma babu farin wata, wato ƙarshen watan Musulunci ko kwanakin farkonsa. Ka fita bayan gari inda babu fitila, ka ajiye waya a aljihu na minti 20 don ido ya saba da duhu. In ka kalli ɗan gefensa maimakon tsakiyarsa zai fi fitowa, don gefen ido ya fi kama haske mai rauni. Kar ka sa ran ja ko shuɗi. Toka-toka za ka gani, saboda sassan ido da ke aiki a duhu ba sa rarrabe launi. In kana da madubin hangen nesa na hannu, irin mai ido biyu, za ka ga siffarsa sosai. Wayar da ke da tsarin ɗaukar hoton dare ma, in ka jingina ta da wani abu don kar ta motsa, tana iya kamo ɗan ja-ja a wurin, wanda hasken haidurojin ne.

Ita kanta Kazar ka sake dubanta. Taurarinta tare aka haife su a gajimare ɗaya kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, gajimaren ya watse ya bar su a dunƙule. Da damina kuma, daga Yuli zuwa Satumba, a daren da ruwa ya wanke sama, ka dubi farin zanen nan da ke ratsa sama daga kudu zuwa arewa. Baƙaƙen tsagogin da ke cikinsa ƙura ce ta tare hasken taurarin da ke bayanta. Gajimaren Mikiya ma a wannan yankin yake, amma ginshiƙansa sai da babbar na'ura.

Wanda ya yi tambaya daga Garwa a kan baƙin rami, da wadda ta yi daga Kaduna a kan husufin wata, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.